Tambaya da Amsa: Taswirar Zamani da Ƙasashe Masu Tasowa

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan kwanakin nan yawancinsu sun karkata ne ga batu guda, wato taswirar da ake haɗawa a kwamfuta, da tsarin sarrafa bayanan wurare da aka fi sani da GIS, da kuma irin ƙaruwar da ƙasashe masu tasowa za su iya samu daga gare su. Mun zaɓi shida daga ciki, mun taƙaita tambayoyin ba tare da mun sauya ma'anarsu ba.

Tambaya: Malam, ina yawan jin ana maganar GIS, amma na kasa gane bambancinsa da taswirar da ke cikin wayata, wadda ke nuna mini hanya idan na ɓace. Shin ba abu ɗaya ba ne? Daga wani ɗalibin jami'a.

Amsa: Ɗan'uwa, suna da dangantaka, amma ba abu ɗaya ba ne. Taswirar wayarka an shirya ta ne domin ta amsa 'yan tambayoyin da aka riga aka san matafiyi zai yi: ina nake, kuma ta ina zan bi in kai wuri kaza. GIS kuwa tsari ne na tattara duk wani bayani da ke da mazauni a doron ƙasa, a adana shi tare da lambobin da ke nuna ainihin wurinsa, sannan a haɗa shi da wasu bayanan domin a yi masa tambayar da babu wanda ya tanadi amsarta tun farko.

Ka ƙaddara kana da fallayen takarda shara-shara, waɗanda ake hango na ƙasa ta cikin na sama. A falle na farko an zana hanyoyi, a na biyu koguna da kwaruruka, a na uku garuruwa da yawan mutanen kowanne, a na huɗu asibitoci. Kowane falle shi kaɗai bai faɗi abu mai yawa ba, amma idan aka ɗora su daidai wa daida, sai ka iya umartar kwamfuta ta fitar maka da garuruwan da suka yi wa asibiti nisan fiye da kilomita 10, waɗanda kuma kogi ke datse musu hanya da damina, ta kuma lissafa yawan mutanen da ke cikinsu. Kowane ɗigo a kan falle yana da jadawalin bayanai a bayansa: ɗigon asibiti yana ɗauke da sunan asibitin, da yawan gadajensa, da ko akwai ungozoma. Wannan jadawalin shi ne ginshiƙin aikin, zanen kuwa hanya ce ta nuna shi ga ido.

Tunanin ya girmi kwamfuta. A 1854, da annobar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, wani likita mai suna John Snow ya bi adireshin mamatan gida-gida, ya lura sun taru ne a kewayen wani famfo da ke titin Broad, ya kuma shawo kan hukumar unguwar ta cire hannun famfon. Taswirar da ya buga daga baya har yau ana koyar da ita. Wanda ya fara ɗora irin wannan aiki a kan kwamfuta shi ne Roger Tomlinson, a farkon shekarun 1960, lokacin da gwamnatin Kanada ta so sanin wace ƙasa ce ta dace da noma, wace ce ta dace da daji. Shi kuwa GPS, wanda mutane kan haɗa shi da GIS, aikinsa ɗaya ne: ya gaya maka inda kake, ta hanyar auna lokacin da saƙon taurarin ɗan Adam aƙalla huɗu ya ɗauka kafin ya iso na'urarka daga nisan kusan kilomita 20,200. Sai a watan Mayun 2000 ne gwamnatin Amurka ta daina dagula saƙon da gangan ga farar hula, kuma daga nan ne ƙaramar na'ura a hannun kowa ta fara ba da wuri da kuskuren 'yan mitoci kaɗan.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na sha ganin ranar da babu ko auduga a wurin aikinmu. Anya ya dace ƙasar da ke fama da irin wannan rashi ta kashe kuɗi a kan taswira? Ba almubazzaranci ba ne?

Amsa: Malama, tambayarki tana kan hanya, kuma ba zan ce duk kuɗin da aka kashe da sunan taswira ya yi amfani ba. Amma a ganina, ƙasar da kuɗinta ya fi ƙaranci ita ta fi buƙatar sanin inda za ta sa shi. Ƙasa mai wadata tana iya gina asibiti a inda bai dace ba ta sake gina wani, matalauciya kuwa idan ta yi wannan kuskure sau ɗaya, mutanen wani yanki za su yi shekaru suna biya da rayukan matansu masu naƙuda.

Ya kamata a san daga ina aka taso. Ƙasashen Afirka da yawa sun gaji taswirorinsu na asali ne daga hukumomin safiyo na Turawan mulkin mallaka. Ingila ta kafa hukumar safiyon ƙasashen da take mulka a 1946, wadda ta zana taswirori masu ma'aunin 1:50,000 daga hotunan da aka ɗauka ta jirgin sama, Faransa ma ta yi makamancin haka a yankunanta. Aiki ne mai kyau a zamaninsa, sai dai akasarinsa an yi shi ne tsakanin shekarun 1950 da 1970, kuma fallaye masu yawa ba a sake taɓa su ba. A tsawon wannan lokaci ƙauyuka sun zama garuruwa, sababbin matsugunai sun tsiro, koguna sun sauya hanya. Jami'in da ke tsara aiki da irin wannan taswira yana tsara wa ƙasar kakanninsa ne.

Misalin da ya fi kusa da aikinki shi ne yaƙi da cutar shan inna a arewacin Najeriya. Da can ayarin masu rigakafi suna aiki ne da taswirar da aka zana da hannu, kowane ayari da tasa, kuma abin da ya riƙa faruwa shi ne rugage da ƙananan unguwannin da suka faɗa tsakanin yankin wannan ayari da na wancan babu mai zuwa gare su, domin kowa yana zaton na maƙwabcinsa ne. Daga wajen 2012 aka fara zana kowane matsuguni daga hotunan tauraron ɗan Adam, aka tura mutane su tabbatar da sunayensu, aka kuma ba ayarin wayoyi masu GPS da ke rubuta sawunsu. Da yamma sai a ɗora sawun a kan taswira, a ga wuraren da ba a taka ba, washegari a koma. An ga mai ɗauke da asalin ƙwayar cutar na ƙarshe a jihar Barno a 2016, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Ba taswira ce ta ɗiga maganin a bakin yara ba. Matan da suka yi ta yawo gida-gida cikin rana, da sarakuna da malaman da suka shawo kan iyaye, su ne suka yi wannan. Abin da taswira ta yi shi ne ta hana wahalarsu tafiya a banza.

Akwai kuma matsalar sanin yawan jama'a. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta yi ƙidaya a 1984, ta kuma shafe shekaru gommai ba ta sake yin wata ba, alhali kuwa adadin allurai da gidajen sauro da za a aika kowace gunduma ya dogara ne ga yawan mutanenta. Masana irin na cibiyar WorldPop a Jami'ar Southampton sun ɓullo da hanyar ƙiyasi: a ƙirga rufin gidaje daga hoton tauraro, a je wasu zaɓaɓɓun wurare a ƙirga mutane da gaske, sannan a yi amfani da lissafi a ƙiyasta yawan mutanen kowane murabba'i mai faɗin mita 100. Shirin GRID3 ya yi aiki da wannan hanya a ƙasashe irin su Kwango da Najeriya da Zambiya. Ƙiyasi ne, ba ya maye gurbin ƙidaya, amma ya fi tsohon adadin da aka yi ta ƙara wa kashi kaza kowace shekara a kan tebur.

Lokacin bala'i kuwa amfanin ya fi fitowa fili. Da girgizar ƙasa ta rushe birnin Port-au-Prince na Haiti a ranar 12 ga Janairun 2010, ɗaruruwan 'yan sa-kai daga sassan duniya sun zana tituna da sansanonin waɗanda suka rasa muhalli cikin 'yan kwanaki, daga hotunan da aka sakar musu, kuma masu aikin ceto sun yi amfani da taswirar. An sake yin haka a Gini a 2014, lokacin da likitoci ke buƙatar sanin ƙauyukan da ke kewaye da garin Gekedu domin bin sawun masu cutar Ebola. Wanda ya fi burge ni shi ne na Dar es Salaam daga 2015, inda ɗaliban jami'o'in birnin tare da mazauna unguwanni suka bi magudanan ruwa ɗaya bayan ɗaya, suna rubuta inda ya toshe da inda ruwa ke kaiwa a bango duk damina. Wannan aiki ne na kafin ambaliya, kuma shi ya fi arha.

Wani lokaci ma taswira kan bayyana alherin da hukuma ba ta san da shi ba. A jihohin Maraɗi da Damagaram na Nijar, manoma sun shafe shekaru tun daga tsakiyar shekarun 1980 suna barin itatuwan da suka tsiro da kansu a gonaki su girma. Sai da masu bincike suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi ne aka gane cewa abin ya mamaye kimanin hekta miliyan 5.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni jami'in tsare-tsare ne a wata hukumar birni. Wani kamfani ya kawo mana tayin kafa mana cikakken tsarin GIS, kuma kuɗin da ya nema ya tsorata mu. Abin yana da tsada haka? Me ya kamata mu duba kafin mu sa hannu?

Amsa: Yallaɓai, kafin ku yi maganar farashi, ku zauna ku rubuta tambayoyi uku ko huɗu da kuke son tsarin ya amsa muku a shekarar farko. Idan kun kasa rubuta su, to lokacin saye bai yi ba tukuna.

Bayan haka ku san cewa abubuwa da dama da a da ake saya da tsada yanzu kyauta ne. Hotunan taurarin Landsat na Amurka, waɗanda suka fara tun 1972, an buɗe su ga kowa a 2008, kuma kowane ɗigo a hotunansu na zamani yana wakiltar mita 30 a ƙasa. Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai, da aka harba na farkonsu a 2015, suna ba da ɗigon mita 10, suna kuma komawa kan kowane wuri kusan duk kwana 5. Bayanan tudu da kwari na mafi yawan duniya, waɗanda kumbon Endeavour ya auna da rada a watan Fabrairun 2000, su ma a buɗe suke. Manhajar QGIS, da aka fara a 2002, ba a biyan lasisinta, kuma tana iya ɗaukar mafi yawan aikin hukumar birni. Manhajojin tattara bayanai da waya irin su ODK da KoboToolbox suna aiki ko babu intanet a fagen aiki. Akwai manhajojin kuɗi masu ƙarfi, fitacciya a cikinsu ita ce ArcGIS ta kamfanin Esri, kuma babbar hukuma mai ma'aikata da yawa tana iya samun dalilin sayenta, amma sai ta tabbata tana da kuɗin sabunta lasisin kowace shekara daga aljihunta.

Abin da za ku biya babu makawa shi ne hoto mai tsananin kaifi, na santimita 30 zuwa 50, ko wanda jirgi maras matuƙi ya ɗauka, idan aikinku ya shafi gidaje da filaye ɗaya-ɗaya. Sama da wannan kuma akwai mutane: waɗanda za su fita su tabbatar da abin da hoto ya nuna, domin hoto yana nuna rufi ne kawai, ba ya faɗin ko makaranta ce ko sito, ko rijiyar burtsatsen da ke gefe tana ba da ruwa ko ta shekara da lalacewa.

A nan ne nake so in daɗe, domin a nan ne ayyuka masu yawa suke mutuwa. Yadda abin ya saba faruwa shi ne, a samu tallafi daga waje, a sayi kwamfutoci, a horar da ma'aikata, a buga taswira mai kyau a yi bikin ƙaddamarwa. Da wa'adin tallafin ya ƙare sai lasisi ya mutu, a yi wa waɗanda aka horar canjin wurin aiki ko su tafi inda albashi ya fi, bayanan kuma su tsaya cak a ranar da aka tattara su, alhali birnin yana ci gaba da girma. Taswira ba gini ba ce da za a gama a miƙa makulli. Saboda haka tsarin da ya fi muku shi ne wanda aka saƙa shi cikin aikin yau da kullum, ta yadda duk izinin gini da aka bayar, da duk bututun da aka shimfiɗa, da duk makarantar da aka buɗe, sai sun shiga rumbun bayanai kafin a rufe fayil. Ƙaramin tsari da ma'aikata uku ke sabuntawa kowane mako ya fi babba wanda babu mai taɓa shi.

A cikin yarjejeniyar ku nemi a rubuta ƙarara cewa bayanan mallakar hukumarku ne, kuma za a miƙa muku su a sigar da kowace manhaja ke iya buɗewa, domin an sha ganin hukumar da ta biya kuɗin tattara bayanai sannan ta koma tana biyan kuɗi kafin ta gan su. Ku nemi a rubuta ranar da aka tattara kowane bayani, da wanda ya tattara, da iyakar kuskurensa. Ku tabbata ma'aikatanku sun yi aikin tare da kamfanin tun daga farko, maimakon horon mako ɗaya a ƙarshe. Ku kuma tambayi ma'aikatun da ke maƙwabtaka da ku abin da suke da shi, domin sau da yawa ma'aikatar ilimi da ta lafiya da hukumar zaɓe kowacce ta biya kuɗi an zana mata garuruwa iri ɗaya, da sunaye da iyakoki masu saɓa wa juna, kowacce kuma ta kulle nata. Wannan matsala ce ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kwamitin ƙwararru kan sarrafa bayanan wurare a 2011, wanda ya amince da wani tsarin jagora ga ƙasashe a 2018, kuma mafi yawan abin da ke cikinsa magana ce ta doka da shugabanci da kuɗi da musayar bayanai, fasaha kaso ne kaɗan.

Ƙasar da ta nuna amfanin ɗorewa ita ce Barazil. Hukumar binciken sararin samaniyarta tana auna saran dajin Amazon da tauraro kowace shekara tun 1988, a 2004 kuma ta ƙara wani tsari mai ba jami'an kare daji gargaɗin gaggawa. Saran ya sauko daga kimanin murabba'in kilomita 27,800 a 2004 zuwa kimanin 4,600 a 2012. Da aka sassauta aiwatar da doka daga baya sai ya sake hauhawa, duk da cewa taurarin ba su daina gani ba. Idan kuma kuna neman hanyar da tsarin zai riƙe kansa, birnin Freetown na Saliyo ya yi amfani da hotunan tauraro wajen sake rajistar gidaje domin harajin gida, kuma irin wannan kuɗin shiga shi ke biyan albashin masu sabunta bayanai.

Tambaya: Gaskiya ne tauraron ɗan Adam yana kallonmu kai tsaye a kowane lokaci, ko da hadari ya rufe sama? Daga wata mai karatu.

Amsa: Hajiya, hoton da kike gani a taswirar waya tsoho ne, na watanni ko shekaru, kuma taurarin da ke ɗaukarsa wucewa suke yi su dawo bayan kwanaki. Masu aiki da hasken rana ba sa gani ta cikin gajimare, abin da ke wahalar da ƙasashen da ke da doguwar damina. Masu aiki da rada, irin su Sentinel-1, suna gani dare da rana ko da hadari, shi ya sa da su ake auna faɗin ambaliya, amma hotonsu ba ya nuna mutum.

Tambaya: Malam, zan iya zagaya gonata da waya in auna iyakarta, wannan ya zame mini shaida? Kuma na ji ana cewa rajistar filaye ta kwamfuta hanya ce ta ƙwace wa talaka ƙasarsa. Daga wani manomi.

Amsa: Malam, awon waya zai ba ka ƙiyasin faɗin gonarka, wanda zai taimaka wajen lissafin iri da taki, amma ba ya zama shaida. GPS na waya yana kuskuren mita 3 zuwa 5 a fili, ya fi haka a ƙarƙashin itatuwa, kuma mita 5 ta isa haddasa rigimar iyaka. Na'urar masu safiyo tana kaiwa ga santimita, domin tana gyara awonta da wata tasha da aka kafa a wurin da aka riga aka san lambobinsa. Akwai kuma wani tarko da ko ma'aikata kan faɗa ciki. Tsofaffin takardun filaye an auna su ne da ma'aunin asali na yanki, kamar na Minna a Najeriya ko Arc 1960 a gabashin Afirka, GPS kuwa yana aiki da ma'aunin duniya da ake kira WGS 84. Idan aka ɗora tsohon awo a kan sabon hoto ba tare da an juya lambobin ba, fili yana iya gocewa da gomman mitoci, a wasu ƙasashe har ɗaruruwa, sai ka ga filin wani ya hau kan na wani a kwamfuta alhali a ƙasa lafiya lau suke.

Tsoron da ka ambata yana da tushe. Rajista tana rubuta abin da aka gaya mata ne a ranar da aka zo, kuma wanda ya fi kusa da hukuma shi ya fi sanin ranar. Waɗanda suka fi shiga hatsari su ne masu haƙƙin da ba ya zama layi ɗaya a takarda: makiyayin da ke bin burtali sau biyu a shekara, da matar da ke noma gonar mijinta da ya rasu, da dangin da suka gaji gona ba su raba ba. Idan tsarin yana da gurbin suna ɗaya ga kowane fili, to duk waɗannan sun faɗi.

Amma ana iya yinsa da adalci. Ruwanda ta yi rajistar filaye sama da miliyan 10 tsakanin 2009 da 2013, kuma ta yi hakan ne da 'yan yankin da aka ba ɗan gajeren horo, waɗanda suka riƙa zagayawa da bugaggen hoton sama, mai fili da maƙwabtansa suna tsaye, a nuna iyaka a shata ta a gaban kowa. Inda aka yi saɓani sai a rubuta shi daban, a kuma kafe sakamakon a bainar jama'a domin mai ƙorafi ya fito, sannan ma'aurata a rubuta sunayensu su biyu. Ko a can ƙalubalen da ya biyo baya shi ne mutane suna sayar da fili ko su raba gado ba tare da sun koma sun sabunta rajista ba. Shawarata gare ka ita ce, idan irin wannan aiki ya zo yankinku kada ka ƙaurace masa. Ka halarta da maƙwabtanka da duk masu haƙƙi a gonar, ka kuma je ka duba abin da aka kafe kafin wa'adin ƙorafi ya wuce.

Tambaya: Garinmu yana da dubban mutane, amma idan na duba taswira a intanet fili ne fayau, babu ko suna. Me ya sa, kuma me matashi kamata zai iya yi?

Amsa: Ɗan'uwa, manyan kamfanonin taswira suna fara zuba ƙarfinsu ne a inda ciniki yake, saboda haka karkara da unguwannin talakawa ke zuwa a ƙarshe. Kibera, ɗaya daga cikin unguwannin marasa galihu mafi girma a Nairobi, kusan babu komai a kanta a taswira har zuwa 2009, lokacin da wasu matasan unguwar suka ɗauki na'urorin GPS suka zana famfunan ruwa da makewayi da makarantu da ɗakunan shan magani da kansu. Sun ɗora aikin ne a kan OpenStreetMap, taswirar duniya da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, wadda kowa ke iya gyarawa kuma kowa ke iya amfani da ita. Tun 2014 shirin Missing Maps, na ƙungiyoyin agaji da suka haɗa da Red Cross da likitocin MSF, yana haɗa 'yan sa-kai na nesa masu zana gidaje daga hoto da mutanen wuri masu sa sunaye. Kashi na biyun nan shi ne wanda babu mai iya yi sai irinka, domin ko kwamfutar da ta zana gine-gine sama da miliyan 500 a Afirka, kamar yadda Google ya fitar a 2021, ba ta san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Sai dai ka yi hattara, domin abin da ka sa a buɗaɗɗiyar taswira kowa na gani, mai kyakkyawar niyya da mai mugunta. A 2018 taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa ta fallasa siffar sansanonin soja, saboda kawai sojoji suna gudu da na'urorinsu a kunne. A yankin da ke fama da rashin tsaro, kada ka sa gidan wani da sunansa, ko wurin da mutane ke ajiye dabbobi da hatsi, kuma unguwar da ke fargabar rusau a tambayi mazaunanta tukuna. Ka fara da neman yardar shugabannin gari, ka bayyana musu abin da za a gani da wanda zai gani.

Ta fuskar koyo, kwamfuta madaidaiciya da QGIS sun isa farawa, kuma jami'o'i da dama suna da reshen ƙungiyar ɗalibai ta YouthMappers. Mai son zurfafawa akwai cibiyoyin nahiya da suka daɗe suna horarwa: AFRIGIST a Ile-Ife, wadda aka kafa a 1972, da AGRHYMET a Yamai tun 1974, da RCMRD a Nairobi tun 1975. Ka buɗe asusu a OpenStreetMap, ka fara da hanyar da ta shiga garinku da sunan garin kamar yadda mutanensa ke faɗa, sannan makaranta da asibiti da wuraren ɗibar ruwa, kana rubuta ranar da ka duba kowanne, ka kuma sake zagayawa bayan damina domin gyara abin da ya sauya. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps za su ɗauki gyaranka a sabuntawarsu ta gaba. Taswirar Google kuwa rumbunta daban ne, saboda haka sai ka aika mata sunan garin ta wurin da ta tanada domin ƙara wurin da babu.